Bakano, Linux da Farautar VPN na Bati

Alhaji Bakano, bawana na kaina. Labari ya iso Zariya cewa ka goge Windows daga kwamfutarka ka ɗora Linux. Mutanen Samaru sun yi ta al'ajabi, har wasu na cewa ilimi ya fara ƙetare Kwanar Ɗangora ya nufi arewa. Na ce su kwantar da hankalinsu. Wani ne ya raɗa maka cewa Ubuntu, irin Linux ɗin da ka ɗora, ba a biyan ko sisi, kai kuwa da ka ji kyauta sai jiki ya ɗauki rawa. Da Linus Torvalds ya sa wa Linux farashin naira hamsin lokacin da ya fito da shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, da har yau kana bakin ƙofarsa kana taya shi talatin.

Yanzu kuma ga saƙonka, wai in zaɓa maka VPN, har da jan kunne cewa kada ya wuce na bati. Ko goro ba ka haɗo da shi ba. Zan amsa duk da haka, don ubangida ba ya barin bawansa a rana.

Bari in kawo maka maganar kasuwa, tunda a can kaɗai kanku ke ɗaukar karatu. A yadda kake yanzu, duk shafin da ka buɗe, kamfanin layinka, MTN ne ko Airtel ko Glo, yana iya ganin sunan inda ka je da lokacin da ka je. Abin da ka rubuta a ciki galibi ba ya gani, don yawancin shafukan yau a kulle suke da HTTPS. Shi kuma mai shafin yana ganin adireshin IP ɗinka, ya gane daga Najeriya ka fito. VPN dillali ne da ka sa a tsakani. Komai naka sai ya bi ta hannunsa a ƙunshe: kamfanin layi ba ya ganin komai sai cewa kana yawan zuwa gidan dillali, mai shafi kuma fuskar dillalin yake gani. To kai da ka yi wayo a Kantin Kwari, gaya mini, a duk cinikin nan wa ya fi kowa sanin asirinka? Abin da kamfanin layi ke gani jiya, dillali ke ganinsa yau. Amanarka ka ɗauke daga hannun wani ka danƙa wa wani. Kuma dillalin da ya rantse maka ba ya karɓar la'ada, ba sai Bazazzagi ya gaya maka a jikin kayan wa zai fanshe ba.

Na san za ka ce zargi ne irin na 'yan boko. Saurara. A 2015 aka gano cewa Hola, wani VPN na kyauta mai miliyoyin masu amfani, yana sayar da layin intanet ɗin mutanensa ga wasu ta wani kamfaninsa mai suna Luminati. Wato baƙo zai yi abin da ya ga dama a duniya da adireshinka, in an biyo sawu ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa. Facebook ma ya taɓa raba nasa, Onavo, yana cewa zai kare ka, ashe da shi yake leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa a wayoyinsu don ya san abokin gabar da ke tasowa. An cire shi daga shagon Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. Masu bincike da suka haɗa da na hukumar CSIRO ta Ostareliya sun duba manhajojin VPN 283 na Android a 2016, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle bayanan kwata-kwata, kashi 38 kuma akwai alamun cuta a jikinsu. A 2020 wani mai suna UFO VPN na Hong Kong, wanda ya rubuta da manyan baƙi cewa ba ya ajiye bayanan kowa, ya bar rumbunsa a buɗe a intanet, aka tarar da adireshin mutane da kalmomin sirrinsu jibge a ciki. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kada ma ka kawo mini zancen fayilolin nan da yara ke turawa a guruf-guruf na WhatsApp da Telegram, wai ka sa su ka yi lilo ba data. Ba ka san mai sabar ba, ba ka san ƙasar da take ba, kuma ta nan za ka bi ka buɗe asusun bankinka. Kai da ko yaron shagonka ba ka bari ya riƙe makullin akwatin kuɗi.

Don kada ka yi kuka, akwai na kyauta guda da zan iya sa hannu a kansa: Proton VPN, na mutanen Janeba a Suwizalan, waɗanda suka fara da Proton Mail kafin su fito da VPN a 2017. Ba su ƙayyade maka yawan data, ba su cusa maka talla, kuma an san inda suke cin abinci: masu biya ne ke ɗauke da ku 'yan bati. Sai dai na'ura ɗaya za ka haɗa, kuma ba kai za ka riƙa zaɓar ƙasa yadda ka ga dama ba. Na san tun daga nan ka daina karatu, ka tafi neman inda ake saukewa. Dawo, da sauran magana.

Ka ce mini ka duba shafukan da ke jera "VPN goma mafi kyau", ka ga sunaye iri ɗaya suna ta maimaituwa, ka ɗauka ijma'in malamai ne. Yawancin shafukan nan kamasho suke karɓa a kan duk wanda ya bi ta hanyarsu ya saya. Abin ya ma wuce nan. Akwai wani kamfani, Kape Technologies, wanda a da sunansa Crossrider. Shi ya sayi CyberGhost a 2017, ya sayi Private Internet Access a 2019, ya sayi ExpressVPN a 2021 a kan dala miliyan 936. A wannan shekarar ta 2021 ya sayi kamfanin da ya mallaki vpnMentor da Wizcase, shafuka biyu da aikinsu shi ne su gaya wa jama'a wane VPN ya fi. Mai kaya shi ne alƙalin gasa. Ko a Kano, inda aka haifi dabara, sai an miƙe tsaye an tafa wa wannan. NordVPN da Surfshark su ma sun haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2022. Ban ce kayansu ba sa aiki ba, suna yi. Ina dai so in ka ga sunaye shida a jere, ka san mai yiwuwa gida biyu kake kallo.

Kowannensu kuma zai rantse maka ba ya ajiye tarihin inda ka je. Rantsuwa ba ta da tsada, ka fi ni sani, kai da kullum kake rantsuwa a kan cewa ko uwar kuɗi ba ka mayar ba. Ranar da hukuma ta zo da takarda ake gane mai gaskiya. A 2011 HideMyAss na Ingila ya miƙa bayanan da suka kai ga kama wani ɗan ƙungiyar masu kutse ta LulzSec. A 2017 PureVPN ya ba hukumar FBI bayanan da suka taimaka aka kama wani mai bibiyar wata mata yana musguna mata. Ba na yi wa waɗanda aka kama kuka, amma wanda ya ce ba ya rubuta komai, ina ya samo abin miƙawa? A ɗaya gefen, an nemi bayanai daga Private Internet Access a wasu shari'u a Amurka a 2016 da 2018, ba a sami tarihin kowa a hannunsa ba. A Afrilun 2023 kuma 'yan sandan Suwidin suka dira ofishin Mullvad a birnin Gotenbag da takardar bincike, suka koma hannu rabbana, don abin da suka zo nema babu shi. Irin wannan shaida nake so ka nema, tare da rahoton masu binciken waje irin su Cure53 na Jamus, wanda aka wallafa cikakke kowa ya karanta. Kuma kada sunan ƙasa ya ruɗe ka. Proton Mail ɗin nan na Suwizalan, a 2021 umarnin hukumar ƙasarsu ya tilasta masa ya ba da adireshin IP na wani ɗan fafutuka a Faransa. Ɓangaren wasiƙu ne abin ya shafa, ba VPN ba, amma ya isa ya nuna maka cewa kowane kamfani yana da sarkin da yake yi wa mubaya'a.

To mu zo kan Linux, inda na san za ka sha wuya.

Kamfanoni da yawa suna manna hoton tsuntsun nan na Linux a shafinsu, ka biya kuɗi, sannan ka tarar abin da suke nufi shi ne wata doguwar takardar umarni da fayil guda. Manhajar gaske ta 'yan Windows da Mac ce. NordVPN ya yi shekaru ba shi da komai a Linux sai rubuta umarni a baƙin allo, kafin daga baya ya fito da mai maɓallai. Saboda haka kafin ka zaro kati, ka duba ko suna da manhaja ta Linux, ko ta dace da irin naka, da kuma yaushe rabon da a sabunta ta. Tunda Ubuntu ka sa, ka huta, don kusan kowa da Ubuntu da Debian da Fedora yake farawa. Ranar da girman kai ya ɗebe ka ka koma Arch don a ce kai ma gwani ne, sau da yawa abin da za ka samu ƙunshin da wani ɗan sa-kai ya haɗa ne, in ya lalace kamfanin ba ruwansa.

Ka kula da yadda ake sa ta. VPN sai da ikon shugaban kwamfuta yake aiki, wato sai ka ba shi sudo, daga nan kuwa babu ɗakin da ba zai iya shiga ba. Na fi son wanda ke da ma'ajiyar ƙunshi mai sa hannu, ka ƙara ta sau ɗaya, apt ya riƙa sabunta maka shi tare da sauran kaya. Wanda ya ce ka kwafo layi guda ka manna a baƙin allo ya janyo wani rubutu daga intanet ya gudanar da shi nan take, aƙalla ka buɗe rubutun ka karanta. Na san karatu ba sana'arku ba ce, ka turo Zariya a duba maka. Kuma tunda ka shigo gidan da al'adarsa ita ce a buɗe cikin manhaja kowa ya gani, abin kunya ne ka ɗora rufaffiya a daidai wurin da duk sirrinka ke bi. Mullvad da Proton da IVPN na Jibralta duk sun buɗe nasu.

Sai hanyar da ake bi a yi kullen. Manya biyu ne. OpenVPN shi ne dattijo, James Yonan ya fito da shi a 2001, ya ga jiya ya ga yau. WireGuard na Jason Donenfeld shi ne saurayi, layukan rubutunsa wajen dubu huɗu kacal lokacin da ya fito, abin da mutum ɗaya zai iya zama ya duba, kuma tun Maris na 2020 aka shigar da shi cikin ƙashin bayan Linux a fitowa ta 5.6. Ma'ana yana nan cikin kwamfutarka tuntuni ba ka sani ba, kuma ba a caje ka ba, wanda na san shi ne ɓangaren da zai fi faranta maka rai. Ya fi sauri, ya fi sauƙin farfaɗowa in layi ya yanke ya dawo. Rauninsa shi ne ta UDP kaɗai yake tafiya, don haka mai son toshe shi ba ya shan wahala, a irin wannan hali OpenVPN ta ƙofar 443 ko wata dabarar ɓad da kama ta kamfanin ce ke fitar da kai. In ka ga wanda ke tallata PPTP, ka gudu, an fasa shi a bainar jama'a tun 2012.

Ga sharaɗin da ba na sassautawa a kansa: kamfanin ya yarda ya ba ka fayil ɗin WireGuard tsurarsa. Da shi ba ka buƙatar manhajarsu ma, ka ba NetworkManager ya haɗiye, ko ka tashe shi da wg-quick. Ranar da aka sabunta Ubuntu manhajarsu ta yi gardama, kai kana kan aikinka. Wanda ya ƙi ba ka fayil, so yake ya ɗaure ka a gindinsa.

Yanzu ga abin da ke tona asirin masu rawar kai. Na farko birkin gaggawa, wato tsarin da ke datse intanet gaba ɗaya da zarar VPN ya faɗi. A ƙasar da ake ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ka sauya daga wayafai zuwa waya, daga wannan layi zuwa wancan, VPN zai riƙa faɗuwa yana tashi, kuma a 'yan daƙiƙun nan kwamfutarka za ta fita da ainihin adireshinka ba sallama. Manhaja mai kyau tana da birkin nan, sai ka kunna. In da hannu ka haɗa, kai za ka rubuta dokar a ufw ko nftables. Na biyu yoyon DNS. Kafin kwamfuta ta je kowane shafi sai ta tambayi adireshinsa, kuma a Linux, inda systemd-resolved da NetworkManager ke yawan jayayya kan wa ke da iko, tana iya ci gaba da tambayar kamfanin layinka alhali VPN na kunne. Ka biya kuɗi don kada a san inda kake zuwa, ga shi kana tambayar hanya da ƙarfi a bakin titi. Ka rubuta resolvectl status ka ga wa ake tambaya, ka kuma buɗe dnsleaktest.com, in ka ga sunan kamfanin layinka to akwai ɓaraka. Na uku IPv6, wanda wasu fayiloli ke mantawa da shi, rabin kaya ya bi ta rami, rabi ya bi ta fili.

Kan sauri ba zan daɗe ba. Intanet ɗinmu ta igiyoyin ƙarƙashin teku take fita daga Legas, irin su MainOne da ta taso daga Fotugal a 2010, saboda haka saba a Landan ko Amsterdam ta fi kusa da kai a aikace. In ka zaɓi Japan don sunan ya burge ka, kada ka zo kana zagin kamfani.

Kuɗi, wato inda zuciyarka take. Za ka ga an rubuta ragin kashi tamanin, ka ji kamar an yi maka bushara. Karanta ƙananan baƙin: sai ka biya shekara biyu a dunƙule, kuma in wa'adi ya cika za su zare sabon farashi mai tsada daga katinka ba tare da sun gaishe ka ba. Masu cewa biya ɗaya har abada kuwa, abadan ɗin kamfanin suke nufi, ba naka ba. Mullvad Yuro biyar yake karɓa a wata tun da aka kafa shi a 2009, ba ragi, ba taya, ba albarka. Na san wannan kaɗai ya isa ya sa maka hawan jini. Ba ya tambayar sunanka ko imel, lamba mai alƙaluma goma sha shida zai ba ka, ita ce asusunka, na'ura biyar za ka iya haɗawa. Har tsabar kuɗi yana karɓa in ka sa a ambulan ka aika ta gidan waya. Ina so in ga ranar da Bakano zai liƙe kuɗi a ambulan ya jefa a akwati ya juya baya ya tafi.

Hukuncina ke nan: in sirri kake so a Linux, ka ɗauki Mullvad, ko IVPN, ko Proton na biya, wata ɗaya tak, ka gwada a layinka kafin ka ƙara. In kuwa duk hayaniyar nan don kallon fina-finan Netflix na Amurka ce, faɗi gaskiya, Mullvad ba ya yi maka alkawarin wannan, sai ka nemi manyan masu talla, ka san kuma abin da ka saya.

Kada ka ɗora masa kayan da ba zai iya ba. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, VPN ya yi rana, don shafi guda aka toshe, hanya na nan. Haka 'yan'uwanmu na Cadi suka yi ta fama da shi wata goma sha shida da aka rufe musu kafafen sada zumunta daga 2018 zuwa 2019. Amma da aka kashe layukan waya ɗungurungum a Zamfara a Satumban 2021, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ba VPN ɗin da ya tsinana komai, don sai da layi yake tafiya. In ka shiga Facebook da sunanka da hotonka sanye da babbar riga, sun san kai ne ko daga duniyar wata ka ɓullo. Ba ya hana ɗan damfara ya kira ka ya karɓi lambar katinka, wannan sai dai hankali, kuma ba a sayar da shi a Farm Centre. Wanda rayuwarsa ta dogara da ɓuya, irin ɗan jaridar da ake farauta, Tor da Tails ne maganarsa, kuma wani karatu ne daban da ban ga alamar ka kai ba.

Na ji ma an ce kana tunanin hayar ƙaramar saba a Turai ka ɗora WireGuard da kanka, don kada wani ya ci ribarka. Zai yi aiki, zai kare ka a wayafan otal da na filin jirgi. Sai dai adireshin sabar naka ne kai kaɗai, da sunanka da katinka aka yi hayarta, babu taron da za ka shige ciki ka saje. Kuma kai ne mai gadi, kai ne makaniki, kai za ka riƙa sabunta ta.

Ka tuna ka kashe VPN kafin ka buɗe bankinka, don wasu bankuna in suka ga mai asusu ya kwana a Fagge ya wayi gari a Amsterdam sai su rufe ƙofa, su ce ka zo da kanka. Ladan wannan karatu kuwa turmin shadda ne, mai kyau, ba irin wadda kuke ninke wa baƙi a ƙasan tebur ba. Ka ba direban Zariya a tashar Unguwa Uku, kuma kai za ka biya kuɗin mota.